Katin Gado Na Tara

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba", ga shi nan. Ke kuma da kika ce na cika zafi a kan ma'aikata, karanta wannan tukuna, sai mu yi magana.

*

Ranar da aka ɗage dokar hana ziyara a asibitin sojoji, ni ce ta farko a bakin ƙofa.

Wata uku ke nan da aka kawo Yaya da ƙuna a fuska da hannuwa, wata uku babu wanda ya sa shi a ido a gidanmu. Hanya ɗaya suka bar mana, kati. Ni ce ma na kafa ƙungiyar masu aika wa raunanan sojoji kati, ni da malaman makarantarmu da ɗalibai. Duk Alhamis kwali guda yake tafiya, kuma a cikin kowane kwali akwai nawa na musamman zuwa ga Yaya. Goma sha biyu na aika. Ko layi ɗaya bai sa an rubuto min ba. Har Baba ya rasu bai ce uffan ba.

Ba dubiya na zo yi ba. Na zo ne in tambaye shi wace irin zuciya gare shi.

Sojan ƙofa ya zazzage jakata a kan tebur.

"Waya biyu?"

"Ɗaya ta mahaifina ce, ya rasu. A kashe take tun ranar."

"Allah ya jiƙansa. Kunna ta in gani."

"Don me?"

"In tabbatar waya ce. Haka dokar take."

Na kunna, ya duba, na tura ta cikin jaka na wuce. Raina yana wani wurin.

Ɗaki na uku, gado na tara. Wannan lambar na rubuta sau goma sha biyu, ko barci nake zan iya faɗinta. Na ƙirga gadajen da ido har na kai kusa da taga.

Mutumin da ke kwance ba Yaya ba ne.

Dogo ne, ya girmi Yaya, akwai furfura a gefen kansa. Bargon da ya rufa da shi ya kwanta a shafe daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya sake dubana.

"Auta ce?"

Babu mai kirana Auta sai 'yan gidanmu.

"A ina ka san ni?"

Ya kawar da kai wajen taga.

"Malam, ina mai gadon nan? Ina yayana?"

Ban san na ɗaga murya ba sai da wata nas ta riƙo hannuna. Babba ce, da tabarau a rataye a wuya, kowa a ɗakin Sista yake ce mata.

"Yi a hankali, akwai masu barci. Wa kike nema?"

Na faɗa mata sunan Yaya.

"Yana nan da ransa, kwantar da hankalinki. Yana ɗaki na shida, wajen masu ido. Kwana huɗu kawai ya yi a nan aka mayar da shi can."

"Kwana huɗu?"

"Tun makon farko."

"To katin da nake aikowa fa?"

Ta sa tabaranta ta dube ni da kyau.

"Wane kati? Shi ɗin nan babu wanda ya taɓa rubuto masa daga gida."

*

Ofishin Akawu yana ƙarshen baranda. Fanka ɗaya mai ƙara, kwalaye jingine da bango, da wani babban littafin rajista a buɗe. Na gane kwalayenmu, rubutuna ne a jikinsu.

"Kai ne mai raba kati?"

"Ni ne, 'yata. Shekara goma sha tara ina kan kujerar nan."

Muryar na gane. Shi ne ya ɗauki waya ranar da Baba ya rasu, na roƙe shi ya haɗa ni da Yaya, ya ce ba a kai wa majinyata waya, in rubuto za a kai masa.

"Kati goma sha biyu na aiko wa yayana. Ina suke?"

"Wane gado?"

"Ɗaki na uku, gado na tara."

Ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

"Ga su nan. An kai duka. Ga sa hannu."

"An kai wa wa?"

"Gado na tara."

"Gado ne yake karatu?"

Ya ɗago.

"'Yata, ba a rubuta sunan soja a bayan ambulan, saboda tsaro. Lamba muke bi. Ke kika rubuta tara, mu muka kai tara."

"Ku kuka ba ni lambar. Da aka ɗauke shi daga gadon, wa ya sanar da ni?"

"Ana sabunta rajista duk wata uku."

"Mutum yana canja gado a kwana huɗu, littafinku yana canjawa a wata uku, kuma shekara goma sha tara kana kallo?"

"Haka na tarar ana yi."

Wannan maganar ita ce take kashe mu. Na ji ta a makaranta, na ji ta a ofis, yau ga ta a inda mutane suke kwance babu ƙafa babu ido. Kowa ya tarar, kowa ya bari. Tsakanin ofishinsa da ɗaki na shida bai kai taku hamsin ba, na ƙirga daga baya.

"Ranar da na kira ka na ce mahaifinmu ya rasu, ka tuna?"

"Mutane da yawa suna kira."

"Ka ce in rubuto. Na rubuto. Yayana ya sani?"

Ya rufe littafin a hankali.

"Ba wanda ya taɓa ce maka katin ba nasa ba ne?"

"Kofur ɗin da ke kan gadon ya taɓa wata magana haka."

"Ka ce masa me?"

"Na ce in dai gado na tara yake, nasa ne." Ya share goshi. "Ni ban yi da wata manufa ba, 'yata."

"Na sani. Da manufa gare ka ai da ka tashi daga kujerar."

*

Kofur yana zaune lokacin da na koma, ya jingina da bango. Matashin kansa yana kan cinyarsa, ya zuge rigar matashin. Ɗaya bayan ɗaya ya zaro katunan daga ciki. Ya jera su bisa tsari, na farko a sama.

"Goma sha biyu ne. Ƙirga."

Ban ƙirga ba.

"Ka san ba naka ba ne."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Na farko na ɗauka irin na yaran makaranta ne, da ake rubuta wa kowa. Babu suna a ciki. 'Yaya' kawai kika sa, a ƙasa 'Auta'. Na ce wannan yarinya ta iya magana. A na biyu kika ce Mama ta wanke masa bargonsa mai shuɗi ta ajiye. Ni ba ni da bargo mai shuɗi. Uwar ma ba ni da ita."

"Shi ne ka yi shiru."

"Na faɗa wa Akawu."

"Sau ɗaya."

"Sau ɗaya," ya ce. "Da ya ce nawa ne, wallahi daɗi na ji. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na so in zage shi. Kalmomin suna bakina. Sai na ga gefen katunan duk ya yi laushi, kamar littafin da aka shekara ana karantawa.

"Masu shara suna kwashe takardu duk ƙarshen wata su ƙone," ya ce. "Shi ya sa na ɓoye su a nan. Na ce wata rana mai su zai zo."

"Mai su yana ɗaki na shida. Da ka tambayi Sista, da yini ɗaya ya isa."

"Da na tambaya, Alhamis ta daina zuwa min."

Ya faɗe ta ba tare da neman tausayi ba, kamar mai faɗin lambar gadonsa.

"Matata ta zo sau ɗaya kafin a rufe ƙofa. Ta ɗaga bargon nan, ta mayar, ta ce za ta je ta dawo. To ni kaɗai ne a ɗakin nan nake da ƙanwa mai faɗa. Kin san har dariya kike ba ni? Inda kika ce in bai amsa ba za ki sayar da kekensa."

"Ban sayar ba."

"Na sani, kin faɗa a na bakwai."

Ya zaro na takwas ya riƙe da hannu biyu. Shi ne wanda Baba ya rubuta da kansa, a gadon jinya. Shekara biyu Baba bai yi wa Yaya magana ba. Ranar da Yaya ya shiga soja ya ce masa in ya sa kakin nan kada ya ƙara kiran lambarsa. Layi huɗu ne a katin, sai da ya huta sau uku kafin ya gama.

"Wannan ne ya hana ni barci," in ji Kofur. "Na yi niyyar in ba Sista da safe. Na ce bari in ƙara karantawa sau ɗaya. Gobe, gobe, har Alhamis ta zagayo, na tara ya zo."

Na tara shi ne na rasuwa.

"Kwana uku ina kuka. Ban taɓa ganin mahaifinki ba. Maƙwabcina ya tambaye ni, na ce babana ne ya rasu. Duk ɗakin nan sun yi min gaisuwa."

"Sun yi maka gaisuwa."

"E."

"Shi kuma ɗansa yana can bai sani ba. Baba ya yi kwana shida yana tambayata ko amsa ta zo. Duk motsin ƙofa sai ya ɗago kai. Ranar ƙarshe na yi masa ƙarya, na ce Yaya ya aiko yana gaishe shi. Ya dube ni ya ce, Auta, ba ki iya ƙarya ba."

Kofur ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

"Da ka ba da katin nan ranar da ya zo, da sun yi magana. Kwana shida, Kofur."

"Ki faɗi duk abin da za ki faɗa. Na cancanta."

Na tattara katunan. Har na juya ya ce:

"Auta."

"Kada ka ƙara kirana haka."

"To. Malama. In kin je, ki fara masa da na takwas."

*

Sista ta tare ni a bakin ɗaki na shida. Ta riga ta ji komai.

"Tsaya, akwai abin da ya kamata ki sani. Gobe da safe za a yi masa aikin ido. Na hagu ya tafi, na dama ake so a ceto. Sau biyu ana ɗagawa saboda jininsa yana hawa. Likita ya ce in aka sake ɗagawa, shi ke nan."

"Me kike so in yi?"

"Kada ki faɗa masa rasuwar yau. Bari a fito da shi."

"Wata guda ana ɓoye masa, ni ma in shiga layi?"

"Ba ɓoyewa aka yi ba, ba a sani ba ne. Ke yanzu kin sani, kuma idonsa yana hannunki."

"Me ya sa bai kira gida ba? Ba ku da waya ne?"

"Sau biyu na miƙa masa tawa, ba da sanin ofis ba. Ya ce an hana shi kiran lambar, in ana sonsa za a rubuto. Duk Alhamis sai ya tambaye ni, akwai nawa? In karanta masa na yaran makaranta. Ya ce ya san ƙanwarsa ce take haɗa su. Makon jiya bai tambaya ba."

Na shiga.

Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Bandeji ya zagaye kansa ya rufe idanu, hannuwansa biyu a naɗe kamar na jariri. Ya rame har ƙashin kafaɗarsa ya fito. Wannan ne mutumin da yake ɗaga ni da hannu ɗaya ya ɗora a kan katanga in na yi masa rashin kunya.

Duk faɗan da na taho da shi daga gida ban san inda ya shiga ba.

"Yaya."

Bai motsa ba.

"Yaya, ni ce."

"Na ji." Muryarsa ta dushe. "Shugabar ƙungiya. An zo duba marasa gata?"

"Yaya..."

"Sojoji ɗari uku kika rubuta wa. Har da zanen fure. Ni kika tsallake."

"Ban tsallake ka ba."

"Ba komai. Na san ba laifinki ba ne, umarni aka ba ki. Gidan ai nasa ne."

Na zauna a bakin gadon. Na ɗora katunan a kan ƙirjinsa, duka, don ya ji nauyinsu.

"Mene ne wannan?"

"Naka ne. Goma sha biyu. Tsohon gadonka ake ta kai su."

Ya sa naɗaɗɗen hannunsa yana taɓa su, ba ya iya riƙewa.

"Duk ke kika rubuta?"

"Ban da ɗaya."

"Wa ya rubuta ɗayan?"

Sista tana tsaye a bakin ƙofa. Na buɗe na takwas. Na tura na tara can ƙasan sauran.

"Ka saurara. 'Ɗana. Na ji abin da ya same ka. Maganar da na faɗa maka na janye ta, tsoro ne ya sa ni faɗinta, ba ƙi ba. Na yafe maka, kai ma ka yafe min. Lambata tana nan yadda ka san ta.'"

"Sake karantawa."

Na sake.

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa."

"Sa min a fuska."

Na ɗora katin a gefen kumatunsa, inda bandejin bai kai ba. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce take fita tare da kukan.

"Tsohon nan. Tsoro wai. Shi da ko likita tsoronsa yake ji." Ya ja numfashi. "Yaushe ya rubuta?"

"An ɗan jima."

"An ɗan jima nawa?"

"Mako biyar."

"Mako biyar yana jiran amsata? Ai zai ce na yi masa girman kai. Auta, kina da waya?"

Na dubi Sista. Ta girgiza kai a hankali.

"Yaya, bari a gama aikin gobe, sai ka kira shi da idonka a buɗe."

"A'a. In aka shiga da ni ban fito ba fa? Shekara biyu na jira. Buga."

"Wataƙila yana barci."

"Da rana tsaka? Baba? Buga, ina jin ki. Ko kin manta lambar in karanto miki?"

Ya fara karantowa, lamba bayan lamba, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Na ce a raina ai wayar a kashe take. Zan buga, ya ji da kunnensa ba ta shiga, in ce matsalar layi ce, mu kai gobe. Kwana ɗaya kawai nake nema. Na danna, na buɗe murya don ya ji, na riƙe wayar kusa da kunnensa.

Sojan ƙofa da ya sa na kunna ta bai faɗo min a rai ba sai da ta shiga.

Daga cikin jakata, a kan cinyata, tsohuwar ƙararrawar nan ta tashi. Wadda Yaya da kansa ya sa wa Baba ranar da ya saya masa wayar, saboda ita kaɗai yake iya ji.

Na danne jakar da hannu biyu. Ta ci gaba da kuka.

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Yaya. Ya juyo da kansa a hankali, ya bar wayar da ke kunnensa, ya fuskanci inda ƙarar take fitowa.

"Auta."

Na ƙara danne jakar.

"Baba ko wanka zai shiga da wayarsa yake shiga. Me take yi a jakarki?"